Launin da Yaro Ya Rera a Waƙa, Bari Ya Gan Shi a Kwano

A 'yan shekarun nan talabijin ya sami hanyar shiga ƙauyukan ƙasar Shanono, har a inda turken lantarki bai kai ba tukuna. Wani ya ɗora farantin sola a kan rufi, wani yana da ɗan inji, wani kuwa wayar hannu ce kaɗai, amma an zuba mata hotuna a kasuwa. Cikin abubuwan da yara ke kallo akwai shirye-shiryen waƙa da aka yi musamman dominsu. Ana koya musu ƙirge da haruffa, da sunayen launi, da wanke hannu, da cin ganye da 'ya'yan itace. Yaro ɗan shekara 4 yakan haddace irin wannan waƙa cikin kwana biyu, ya yi ta rera ta a tsakar gida.

Tambayar da iyaye ke yi ita ce, ko wannan abu yana da amfani, ko kuwa ɓata lokaci ne? Amsarmu ita ce yana da amfani, amma rabin aikin kaɗai yake yi. Waƙa tana iya sa yaro ya so kabewa. Sa kabewar a tukunya kuwa aikinmu ne, mu masu fartanya.

DAGA INA SHIRYE-SHIRYEN NAN SUKA FITO?

A shekarar 1969 aka fara wani shiri a Amurka mai suna Sesame Street. Waɗanda suka ƙago shi sun lura cewa ƙananan yara suna haddace waƙoƙin talla na talabijin ba tare da kowa ya koya musu ba. Sai suka ce, in haka ne, me zai hana a sa haruffa da lambobi a cikin irin wannan waƙa? Suka yi 'yan tsana masu magana da rawa, suka haɗa su da gajerun waƙoƙi masu maimaici. Shirin ya karɓu, ƙasashe da yawa kuma suka yi nasu da harshensu. A shekarar 2005 masu shirin suka ƙara ba da ƙarfi ga maganar abinci, har wani dodonsu da aka sani da haɗamar biskit ya koyi cewa biskit abin ci ne na jefi-jefi, ganye da 'ya'yan itace kuwa na kullum.

Namu na Nijeriya ya fara fita a tashar NTA a watan Mayu na 2011, da sunan Sesame Square, da taimakon kuɗi daga hukumar agaji ta Amurka ta wancan lokaci, watau USAID. Taurarinsa biyu ne. Akwai Kami, yarinya mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda take koya wa yara kada su guji mai ciwo. Akwai kuma Zobi, mai shuɗin gashi, wanda ba shi da magana sai ta doya. Daga baya aka fitar da shirin da Hausa da sunan Dandalin Sesame.

Wani shirin kuma daga Tanzaniya ya zo. Wata ƙungiya mai suna Ubongo, wadda aka kafa a birnin Darussalam a 2013, ta yi shirin zane mai motsi da ake kira Akili and Me. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 4 da take zaune a gindin dutsen Kilimanjaro, in ta yi barci sai ta shiga wata duniya inda take koyon ƙirge da siffofi da launi tare da abokanta dabbobi. Shi ma an juya shi zuwa Hausa. Tun da aka buɗe tashar Arewa24 a Kano a 2014, wadda take magana da Hausa dare da rana ta tauraron ɗan adam, samun shirin Hausa a ƙauye ya ƙara sauƙi.

SHIN YARA SUNA KOYO DA GASKE?

Masana sun auna. A 2013 wasu malaman jami'a a Amurka suka tattara bincike 24 da aka yi a ƙasashe 15, a kan yara fiye da 10,000 masu kallon irin shirin Sesame na ƙasarsu. Suka tarar masu kallo sun fi marasa kallo sanin haruffa da lambobi da abubuwan kiwon lafiya. A yankin Morogoro na Tanzaniya kuma an gwada shirin Akili a kan yara fiye da 500 har mako 4, aka ga sun ƙaru a ƙirge da gane siffofi da zane.

Amma binciken da ya fi shafar maganarmu shi ne wanda aka yi a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, aka buga sakamakonsa a 2013. An ɗauki yara wajen 1,200 a makarantun renon yara 14, aka yi wata 5 ana koya wa rabinsu cin abinci mai kyau da motsa jiki, da taimakon 'yan tsanan Sesame. Yaran da aka koya wa sun fi sauran ci gaba a sani da hali. Sai dai a lura da wannan: ba a bar yaran su kaɗai da akwatin talabijin ba. An sa iyayensu da malamansu a cikin aikin tun daga farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ME YA HAƊA LAUNI DA ABINCI?

Bahaushe ya daɗe da haɗa su. Dubi yadda muke kiran launi: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan ganye, ruwan ƙwai, ruwan lemo. Rawaya kanta sunan tsiro ce wadda ake rini da saiwarta. Shuɗi kuwa daga shuni ne, shuni daga baba, wanda har yau ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Ashe kakanninmu a gona da daji suka koyi launi. Abin da talabijin yake nuna wa yaro a gilashi, yana nan a bayan gidanmu.

Malaman kiwon lafiya sun daɗe suna raba abinci kashi uku: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta. Tuwon dawa da na masara da furar gero na kashi na fari ne. Wake, gyaɗa, waken suya, ƙwai, nono, kifi da nama na kashi na biyu ne. Kashi na uku shi ne launi ya fi taimako wajen gane shi. Ganye mai duhun kore, kamar zogale, alayyafo, rama, tafasa, lalo da ganyen wake, da abin da cikinsa yake ruwan lemo, kamar kabewa, karas, gwanda, mangwaro da manja, duk suna ɗauke da wani sinadari wanda jiki yake mayarwa bitamin A. Yaron da ya rasa bitamin A yakan kamu da dundumi, watau ba ya gani da zarar magariba ta yi. In abin ya yi tsanani ido yakan lalace ɗungum. Ƙyanda da gudawa kuma sun fi kayar da irin wannan yaro.

Goba, lemon tsami, tumatir da garin 'ya'yan kuka suna da bitamin C, wanda yake taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. Sinadarin ƙarfen nan shi ne yake hana ƙarancin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6. Daga wata 6 zuwa 23 kuwa, cikin rukunin abinci 8 ya sami aƙalla 5 kowace rana. Rukunan su ne: nonon uwa, hatsi da saiwa, wake da gyaɗa da danginsu, madara da nono, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran ganye da 'ya'yan itace. Uwar da ba ta yi karatu ba zai yi mata wuya ta riƙe jeri na 8. Amma ƙirga launin da ke cikin kwano, wannan kowa ya iya. Sai dai mu tuna, launi abin tuni ne kawai. Nono fari ne, farin wake ma fari ne, amma ba a raina su.

Maganar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, 37 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100. Abin mamaki, shiyyar nan ita ce take cika kasuwar Dawanau da hatsi da wake da riɗi. Tsumburewa tana faruwa ne galibi tun daga ciki zuwa shekara 2, tana kuwa taɓa ƙwaƙwalwa yadda take taɓa tsawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

WASU LAUNUKA DA IYAYE ZA SU KOYA

Ba yara kaɗai ne suke bukatar darasin launi ba. A asibitin sha-ka-tafi akwai wani ɗan tsiri da ake auna damtsen yaro da shi, daga wata 6 zuwa shekara 5. Launinsa uku ne. In ma'aunin ya tsaya a kore, watau santimita 12.5 ko fiye, yaro yana lafiya. In ya tsaya a rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara, sai a gyara abinci a kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya. In ya faɗa a ja, ƙasa da 11.5, a kai yaron asibiti a ranar, kada a jira kasuwa ta ci. Haka kuma in ƙafafun yaro biyu sun kumbura, aka danna da yatsa wurin ya lotsa, ko da tsirin ya nuna kore, a kai shi.

Akwai kuma ƙwayar bitamin A da ake ɗiga wa yara a baki sau 2 a shekara, a makon lafiyar mata da yara. Shuɗiya ta 'yan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuwa ta 'yan shekara 1 zuwa 5. Kyauta ake ba da ita. Kada yaronmu ko ɗaya ya rasa.

LAUNI NA KOWANE LOKACI

Wani zai ce, ai wannan maganar masu kuɗi ce, mu ina muka ga tuffa da inabi irin na talabijin? Ba mu bukatarsu. Bari mu bi shekara mu gani.

Da bazara, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa, mangwaro yake nuna, ɗorawa kuma tana ba da garinta. Da damina, tafasa da rama da lalo da alayyafo da yakuwa suna fitowa, wasunsu ko shuka su ba a yi. Da kaka ga kabewa, ga wake, ga gyaɗa, ga dankali. Da rani kuwa masu lambu a fadama, da maƙwabtanmu na Bagwai masu noma da ruwan madatsar Watari, suna fitar da tumatir da karas da albasa da latas. Zogale, in yana samun ruwan wanke-wanke a bayan ɗaki, kusan duk shekara yana ba da ganye. Kabewa in an ajiye ta a inuwa ba ta fashe ba, takan yi watanni.

Inda gizo yake saƙa shi ne, abin da ya fi launi shi muke fara kaiwa kasuwa. Ƙwai a sayar, gyaɗa a sayar, gwanda a sayar, a bar wa yaro kunu tsararo da tuwo da miyar da ba ta ga mai ba. Mun san dalili, gama akwai kuɗin taki da na makaranta da na magani. Amma kuɗin ƙwai biyu ba ya biyan jinyar yaro mai tamowa.

Akwai kuma sababbin iri da aka yi musamman domin wannan matsala. Cibiyar binciken saiwa da ke Umudike ta fitar da dankalin Hausa mai ciki ruwan lemo, ɗaya a 2012 mai suna King J, ɗaya a 2013 mai suna Mother's Delight. Ɗan matsakaicin dankali guda, wajen giram 125, na irin mai duhun launin, ya isa bukatar bitamin A ta ƙaramin yaro ta yini ɗaya. Yana nuna cikin wata 3 zuwa 4, yara kuma suna sonsa domin zaƙinsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ita ma ta fitar da masara mai ruwan lemo, irin su SAMMAZ 38 da SAMMAZ 39. A tambayi malamin gona na KNARDA inda za a sami iri na gaskiya, gama ba kowace masara rawaya ce take da wannan amfani sosai ba.

A YI HANKALI DA LAUNIN ƘARYA

Akwatin da yake koya wa yaro cin ganye, shi ne kuma yake nuna masa tallar alewa da lemon kwalba. A teburin mai kanti akwai ja da kore da rawaya a cikin leda, sun fi na lambu ƙyalli. Wannan launin rini ne aka zuba a kan sukari. Yana cika ciki, yana kashe marmarin tuwo, yana ɓata haƙori, ba ya gina kome. Yaron da aka ce masa ya ci mai launi, aka tsaya nan, zai miƙa hannu ga leda. Saboda haka a ƙara masa da cewa launin da ake nufi shi ne wanda ya tsiro daga ƙasa ko ya nuna a kan itace.

Kallon kansa ma yana da iyaka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban talabijin ko waya. Daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Kada a ba yaro abinci idonsa yana kan waya, gama ba zai san abin da ya ci ba, balle ya san launinsa. Tatsuniyar kaka da wasan dandali da gaɗa suna nan da matsayinsu, kada talabijin ya kore su.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Ga shawarwari da kowace ƙungiyar gama kai za ta iya dubawa a taronta na gaba.

1. A sa ranar kallo. In wani ɗan ƙungiya yana da talabijin da sola, a roƙe shi a tara yara sau 1 ko 2 a mako, na rabin awa. Babba ya fara kallon shirin kafin a nuna wa yara. Babba kuma ya zauna tare da su har a gama.

2. A zo da faifai. Bayan an kashe akwatin, a fito da faifai mai ɗauke da abin da ake samu a lokacin: ganyen zogale, yankin kabewa, tumatir, wake, goba. Kowane yaro ya ɗauki ɗaya, ya faɗi sunansa da launinsa, a wanke hannu, a ɗanɗana abin da ake ci ɗanye.

3. A yi waƙa ta gida. Matanmu da suke ƙaga waƙar niƙa da ta daka ba za su kasa ƙaga waƙar rama da kabewa ba. Waƙar da ta ambaci abin da yake cikin tukunyar gidan ta fi wadda ta ambaci abin da yaro bai taɓa gani ba.

4. Kowane gida ya dasa zogale 5 da gwanda 2, ya kuma jefa kabewa a gindin danga ko juji. A kewaye su saboda awaki. Ƙungiya ta yi wurin renon dashe guda ɗaya domin kowa.

5. A keɓe kunya 10 domin dankali mai ciki ruwan lemo. Da yake yaɗonsa ake dasawa, sai a ba mai lambu ɗaya amanar rayar da shi da rani, domin a sami na rabawa in ruwa ya sauka. In ba a yi haka ba irin zai ɓace a shekara guda.

6. A shanya ganye a inuwa. Rana tana cinye amfanin ganye, shi ya sa wanda aka shanya a rana yake koɗewa. A shanya zogale da rama da kuka a kan tabarma mai tsabta cikin rumfa, a adana a tulu ko gwangwani mai murfi.

7. A sa ɗan mai. Jiki ba ya cin moriyar bitamin A na ganye sosai sai da maiƙo. Cokali guda na man gyaɗa ko manja, ko ƙuli-ƙuli a kwaɗo, ya isa. Kada a cika kanwa, kada kuma a dafa ganye har ya mutu.

8. A kauraya kunun yaro. A soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, a dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. A barbaɗa garin zogale, ko a dama da dafaffiyar kabewa.

9. A ba ƙaramin yaro kwanonsa. In ya sa hannu a akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share miya.

10. Kafin a kai amfani kasuwa a fitar da rabon yara: tiya kaza ta wake, tiya kaza ta gyaɗa, da ƙwai ko 2 ne a mako ga kowane ƙaramin yaro. Wannan magana ta maigida ce, gama mabuɗin rumbu a hannunsa yake. A roƙi ma'aikacin lafiya kuma ya zo taro da tsirin awo, ya nuna wa iyaye maza da mata yadda ake aiki da shi.

Wasan ƙirga launi ba ya cin ko kwabo. Da an sauke tukunya sai kaka ta ce wa jikanta, "Maigida, zo ka gaya mini, launi nawa ne a kwanonka yau?" Shi kuwa ya duba ya ce, "Kaka, ga fari, ga kore, ga ja." In ya ƙirga uku, madalla. In kullum ɗaya yake ƙirgawa ko biyu, to, gidan ya ji labari daga bakin yaro, sai a san abin da za a shuka.

Masu shirin talabijin sun yi nasu, sun sa wa yaranmu marmarin abu mai kyau. Abin kunya ne yaron manomi ya rera waƙar ganye da 'ya'yan itace da yamma, ya kwana da gayan tuwo. Kafin ruwan shuka ya sauka, kowace ƙungiya ta zauna ta rubuta gida nawa ne suke da zogale, wa zai riƙe yaɗon dankali, wace rana kuma za a auna damtsen yara. Waɗanda suka gwada su aiko mana da labarin abin da suka gani, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya.